Shin Ɓoye Ciwo Shi Ne Haƙuri?

Kowa ya san haƙuri abin yabo ne. Tun muna yara a makarantar allo a ke koya mana shi, kuma Hausawa sun ce shi ne maganin zaman duniya. Amma da za a tara mutane a dandali a tambaye su ma'anarsa, yawancinsu za su ce haƙuri shi ne mutum ya ji zafi ya yi shiru. Ni ma haka na ɗauka har na wuce shekara arba'in. Abin da ya sa na sake tunani shi ne jinyar da na yi wa baffana, ƙanen mahaifina, a nan Sifawa, bayan likitoci sun sake masa gwiwa. Zan ba ku labarin, kāna mu auna maganar tare.

Da farko ya kamata mu san irin aikin. Gwiwa mahaɗa ce ta ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri, ga kuma ƙoƙon gwiwa ta gaba. Allah ya lulluɓe bakin ƙasusuwan nan da guringuntsi mai santsi, domin su riƙa motsi ba tare da sun ci juna ba. Tsufa, da nauyin jiki, da tsohon rauni su kan cinye guringuntsin, har ƙashi ya riƙa gugar ƙashi, kamar taɓarya da turmin da ba hatsi a ciki. In abin ya ƙi jin magani, sai likita ya tsaga gwiwar, ya fere bakin ƙasusuwan da suka lalace, ya sa musu hular ƙarfe, ya shimfiɗa wata roba mai tauri a tsakani. Aikin ya kan ci awa ɗaya zuwa biyu.

Dabarar ba ta jiya ba ce. A 1890 wani likitan Jamus mai suna Gluck ya gwada ta a Berlin da hauren giwa, amma ƙwayoyin cuta suka ɓata masa aiki. Daga wajen 1968 zuwa 1974 likitoci a Ingila da Amurka suka gyara ta, har ta zama irin wadda a ke yi yanzu. A ƙasarmu ma a na yi, misali a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959. Yawancin gwiwoyin nan su kan yi shekara 15 zuwa 20 suna aiki, waɗansu ma su wuce haka.

Sai dai akwai abu guda da ya bambanta wannan jinya da sauran. Mai karaya, in maɗori ya ɗaure shi, sai a ce ya kwanta kada ya motsa. Wanda aka sake wa gwiwa kuwa, tun ranar ko kashegari a ke tsai da shi bisa ƙafafunsa, a ba shi sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu ya dafa. Kowace rana kuma tilas ya miƙe gwiwar ya lanƙwasa ta, alhali tana kumbure tana zugi. In bai yi ba cikin makonnin farko, naman da ke warkewa ya kan ɗaure mahaɗar ta sandare, aiki ya tashi a banza.

Baffana manomi ne, shekararsa 68. Ya yi shekara shida gwiwar dama tana cinsa. An yi ƙaho, an yi sakiya, an yi shafe-shafe, ba sauƙi. Da ta kai ba ya iya zuwa masallaci sai an riƙe shi, sai aka sayar da bijimansa biyu, aka jinginar da gona guda, 'ya'ya da dangi suka haɗa abin da ya sawwaƙa, aka kai shi aka yi aikin bayan kakar 2023. Ni na zauna da shi.

Duk sa'ad da malamar asibiti ta zo ta ce, "Baba, da zafi?" sai ya ce, "Alhamdu lillahi." In ta ba shi ƙwayar rage zafi sai ya karɓa, tana juya baya ya tura ta ƙarƙashin matashi. Da dare kuwa ina jinsa yana cizon haƙora, gumi yana karyo masa. In mai gashi ya zo lanƙwasa ƙafar, jikin Baffa sai ya ƙage kamar itace, gama jiki ba ya yarda a taɓa inda ke masa zugi, ko da baki ya yi shiru. Haka muka komo gida. Da muka koma ganin likita a mako na uku, ya auna ya ga gwiwar ba ta ko kai lanƙwasar mai zama bisa kujera ba. Ya ce in ba a sami ci gaba ba, sai an sa shi barci an lanƙwasa ta da ƙarfi.

A hanya na ce, "Baffa, don Allah me ya sa ba ka shan maganin nan?"

Ya ce, "Ɗana, an yi mini kaciya ban yi kuka ba. Kunama ta harbe ni a gona ban ce wayyo ba. Yau da furfurata zan gaya wa yarinya sa'ar jikata wai ina jin zafi? Ban da haka, ciwo kankarar zunubi ne. In na kashe shi da ƙwaya, ai na rage wa kaina lada."

Hujja biyu ke nan ya kawo, ta kunya da ta lada. Ba hujjojin wawa ba ne, mutanen kirki da yawa suna riƙe da su, saboda haka bari mu dubi kowace.

Ta kunya tana da asali mai kyau. Mun tashi mun ga saurayin Fulani a wurin sharo ana tsula masa bulala yana murmushi, mun ga ana yabon macen da ta yi haihuwar fari ba a ji muryarta ba. Dauriya irin wannan ita ta riƙe kakanninmu lokacin yunwa da yaƙi, lokacin da in ka yi kuka ma ba mai iya yi maka kome. Amma ku lura, shirun ɗan sharo ba ya cutar kowa, bulala ta riga ta sauka. Shirun majiyyaci gaban likita kuwa ɓatar da likitan ya ke yi. Likita ba ya iya ganin zafi da ido, sai abin da aka gaya masa, gama mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Har ma akwai zafin da ke zuwa da gargaɗi. In ɗan maraƙin ƙafa ya kumbura yana ciwo, ko numfashi ya ɗauke farat ɗaya, mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya, abin da kan kashe mutum. In wurin ɗinki ya yi ja yana fid da mugunya, ga zazzaɓi, ƙwayoyin cuta ne suka shiga. Wanda ya ɓoye irin waɗannan don kada a ce masa raggo ya sayar da ransa domin yabon mutane. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ta lada kuwa, gaskiya ne malamai sun koya mana cewa musulmi ba ya shan wata wahala face an kankare masa zunubi da ita. Amma wahalar da Allah ya ɗora maka daban, wadda ka ɗora wa kanka daban. Wa ya taɓa cewa mai ƙishirwa ya ƙi ruwa da dare cikin azumi domin ya ƙara lada? Annabi Ayuba, tsira da aminci su tabbata a gare shi, shi ne misalin masu haƙuri, amma ya kai kukansa ga Ubangijinsa, kuma da aka nuna masa ruwan da zai yi wanka ya sha, bai ce a bar shi da ciwonsa ba.

Wannan magana ba ni na gaya wa Baffa ita ba, gama ba ta dace da bakin yaro ba. Wani tsohon malami ne, abokinsa tun na ƙuruciya, ya taso daga Boɗinga ya zo gaishe shi, na keɓe shi na shaida masa. Ya zauna bakin gado ya ce, "Malam, a garin nan Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa har 1815, ƙanensa Malam Abdullahi yana Boɗinga. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta littattafai a kan magani, har da na ciwon ido da na basur. Kai ka fi su tawakkali ne? Sa'an nan gwiwar nan ba taka ba ce kai kaɗai. Da bijimai biyu da gonar 'ya'yanka aka saye ta. In ka bari ta sandare don kunya, ka ci amanarsu." Baffa ya yi shiru. Da magariba ya ce in miƙo masa maganin.

To, amma kada mai karatu ya ce ashe maganar ita ce a yi ta haɗiyar ƙwaya. Akwai rami ta wancan gefen ma. Na san wani mutum a ƙasar Shagari da aka yi wa aiki irin wannan. Shi ko kaɗan bai yarda ya ji zafi ba. Da maganin likita ya ƙare sai ya aika kasuwa a sayo masa Tramadol, ya sha ya kwanta, ba motsa ƙafa. Ƙafa ta sandare, ƙwayar kuma ta kama shi, har yau iyalinsa suna fama. Magunguna masu ƙarfi irin wannan suna sa jaraba. Saboda ɓarnar da ɗan'uwansa kodin ya yi wa samari da matan aure ne gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018. Baffa ya ƙi magani don girman kai, wannan ya wuce iyaka don raki, dukansu biyu kuwa gudun abu ɗaya suka yi, watau wahalar lanƙwasa gwiwa.

Daga nan na gane haƙurin majiyyaci aiki ne, ba shiru ba. Zuciyarsa kada ta yi fushi da hukuncin Allah. Harshensa ya faɗi gaskiyar abin da ya ke ji ga wanda zai iya taimakonsa, ya bar ƙorafi ga wanda ba zai iya ba. Jikinsa kuma ya yi abin da aka umurce shi, ko da zafi. Haka Baffa ya koma yi. Ya sha maganinsa bisa ƙa'ida, kamar rabin awa kafin motsa ƙafa, ya miƙe ta ya lanƙwasa sau uku a yini, kāna a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora masa, a tada ƙafar bisa matashi. Ya kan yi nishi, wani lokaci har da hawaye, ba ya kuwa jin kunyata. Ku da kuka koyi karatu da girmanku kun san irin wannan. Ranar da kuka fara riƙe fensir yatsu sun ƙage, yara suna leƙe suna dariya. Wanda ya ji kunya ya koma gida har yau dangwala yatsa ya ke yi, ku da kuka daure ga shi kuna karanta wannan littafi.

Mu masu lafiya ma akwai namu rabon. In mun je gaisuwa, mu taƙaita zama, kada mu cika ɗaki majiyyaci ya kasa yin aikin ƙafarsa. Kada kowa ya zo da nasa magani, balle a ce za a yi ƙaho ko sakiya a gwiwar da ke da ƙarfe a ciki, gama wannan buɗe wa cuta ƙofa ne. Kada kuma mu yabi mai ciwo da cewa, "Kai, namiji ne, ko uffan bai ce ba." Irin yabon nan shi ke rufe bakin dattawanmu.

Akwai sauran magana guda, ita ce mafi nauyi. Ba kowa ke warkewa sarai ba. Likitoci sun ce kamar mutum ɗaya cikin biyar ya kan ci gaba da jin wani ciwo bayan aikin, ko da ya bi ƙa'ida, kuma da yawa durƙuso ya kan yi musu wuya. Baffa ya ajiye sanda bayan wata uku, kumburi bai gama saɓewa ba sai da shekara ta kusa zagayowa. Yanzu yana zuwa masallaci da ƙafarsa, yana zagaya gonarsa, amma ba ya iya zaman tahiya. Da farko ya ƙi yin salla bisa kujera cikin jama'a, ya ce sai ka ce wani mai sarauta. Liman ya tuna masa cewa shari'a ta yarda wanda bai iya tsayuwa ba ya yi salla a zaune, kuma wanda ya sauƙaƙa ya fi kowa sanin gwiwar da ya halitta. A ganina wannan shi ne haƙurin da ya fi masa wuya, watau ya yarda mutane su ga rauninsa sau biyar kowace rana. Yau kujerarsa tana nan a ƙarshen sahun farko, jikansa ke ɗaukar masa ita.

Saboda haka, 'yan'uwana, in ciwo ya same ku, ku gode wa Allah, ku gaya wa likita gaskiya, ku sha magani gwargwadon da aka ce, ku yi aikin da aka sa ku. Abin da ya rage bayan wannan, wanda ba dabarar ɗan Adam a cikinsa, shi za ku rungume ku yi shiru a kansa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa kaffara ne, mu kuma ya ƙara mana lafiya, amin.