Ɗaki na kaya ne ko na mutane?

A Cadakori, in hunturu ya kama a watan Disamba, iyayenmu kan hura wuta tsakar ɗaki. Tsoho da baƙo ake ba wuri kusa da murhu, yara su kewaye suna jin tatsuniya.

Yau amarya kan cika ɗakinta da gadon ƙarfe, kabat da jeren kwanoni daga kasuwar Maradi, sau da yawa da bashi. Baƙo ya zo, babu inda za a shimfiɗa masa tabarma.

Ƴan'uwa, ado ba laifi ba ne. Amma kwano ba ya jin ɗari, kaka tana ji. Mu fara ware wurin mutane, sa'an nan kaya su bi bango.