Hanya ta kowa ce, ko ta mai abin hawa?

Ƙidayar jama'a ta 1977 ta iske Nijar da mutum miliyan 5 da ɗoriya. Ta 1988 ta ƙirga miliyan 7, ta 2001 miliyan 11, ta 2012 kuwa ta zarce miliyan 17. Birnin Maraɗi, mai mutum kimanin dubu 44 a 1977, ya haura dubu 260 a 2012. Idan ana maganar waɗannan alƙaluma, hankali yakan tafi ga abinci da makarantu da asibitoci. Ba kasafai ake tuna wani abin da yawan jama'a ya haifa ba, wato nisa.

Garuruwanmu ba sa hawa sama, shimfiɗuwa suke yi. Kowane magidanci na son gidansa mai tsakar gida, fili mai sauƙin kuɗi kuma sai a bayan gari, inda jiya ake noman hatsi. Ta haka tafiyar da kakanninmu ke yi da ƙafa tsakanin gida da kasuwa da masallacin Juma'a ta koma ta kilomita masu yawa. Mutumin da ya sayi babur a yau, sau da yawa gari ne ya yi masa nisa. Kafin a zarge shi da son burga, a auna tazarar da ke tsakanin ƙofarsa da wurin neman abincinsa.

Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A Maraɗi da Damagaram da Tawa, kabu-kabu ya cike giɓin, daga baya adaidaita ta biyo. A Yamai, taksi da faba-faba ke ɗaukar nauyin unguwannin nesa. Can ma, gadar Kennedy da aka buɗe a 1970 ita kaɗai ta haɗa gaɓoɓin kogin Kwara biyu na birnin har zuwa 2011, sannan aka sami ta biyu, ta uku kuma a 2021. Shekara 40 da wani abu jama'a na ninkuwa, mashiga tana nan guda.

Kabu-kabu ya yi rana, wannan ba abin musu ba ne. Ya ba samari da yawa sana'a, yana kuma shiga lungu da rairayin da mota ke tsoro. Sai dai babur abin hawan mai ƙarfin jiki ne. Kusan rabin ƴan ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba. Ga mata masu juna biyu, ga tsofaffi, ga makafi da guragu. Mace mai naƙuda da aka ɗora bayan babur tsakar dare, ko yara uku da aka jera kan tanki da sirdi za su makaranta ba hular kwano, ba zaɓi suka yi ba. Abin da aka bar musu ke nan.

A nan tambayar adalci take. Wanda talauci ya tura bakin gari shi ya fi kowa nisa, shi kuma ya fi kowa biyan kuɗin tafiya, alhali shi ne mafi ƙarancin abin hannu. Da Najeriya ta cire tallafin man fetur a 2023, man da ake sayarwa cikin kwalabe a bakin hanyoyinmu ya yi tsada, kuma wanda ya fara ji a jikinsa shi ne mai hawan haya kullum safiya.

Wani zai ce kowa na da ƴancin sayen abin hawa da guminsa. Gaskiya ne. Amma titi dukiyar jama'a ce, kamar rijiyar gari. Mota mai ɗauke da mutum guda tana cin wurin da zai ishi masu tafiya ƙasa da yawa, ƙurarta da hayaƙinta kuma kowa ke shaƙa. Idan kowane gida ya nemi mafita shi kaɗai, ƙarshenta dukanmu za mu tsaya cik a mararraba ɗaya, mai amalanke da mai babbar mota.

Don haka nauyin ya rataya a wuya biyu. Hukumar da ke yanka filaye ta sani cewa duk unguwar da aka raba ba tare da makaranta da ɗakin shan magani da ƴar kasuwa ba, an ɗora wa mazaunanta harajin tafiya na tsawon rai. Wajibi ne a ware wa mai ƙafa da mai keke gefensu, da itatuwa masu inuwa, a kuma tanadi manyan motocin haya masu tsayayyen lokaci da farashi. Shi kuwa mai riƙe da sitiyari ya tuna cewa tsohuwar da ke jiran tsallakawa ta riga shi mallakar wannan hanya.

Jama'a za ta ci gaba da ƙaruwa, garuruwa za su ci gaba da faɗi. Mai son sanin ko garinsu ya ci gaba, ya bar ƙirga motocin da ke kan kwalta, ya tambayi yarinyar da ba ta da ko keke minti nawa take yi kafin ta isa aji, da kuma ko uwarta na kwantar da hankali har ta dawo.