Ko Wajibi Ne Mai Sayar da Babur Ya Faɗi Aibinsa?

Ga wata tambaya wadda ya kamata mu zauna mu duba ta tare. Mutum yana da babur, ya hau shi shekara uku ko huɗu, yanzu yana so ya rabu da shi. Ya san wani aibi a jikinsa wanda ido ba ya gani. In ya sa tallansa a waya, wajibi ne ya faɗi aibin nan, ko kuwa ya isa ya yi shiru, muddin bai yi ƙarya da bakinsa ba?

Maganar tana da nauyi a ƙasar Danko, gama babur shi ne ƙafarmu. Da shi a ke kai buhun dawa kasuwa, da shi a ke kai mai ciwo asibiti a Ribah ko Zuru, da shi mai bishara ke zaga ƙauyuka, da shi kuma samari da yawa ke yin acaba su ci da iyayensu. Wanda ya sayi Bajaj Boxer ko Jincheng na hannu, sau da yawa jarinsa duka ya zuba a ciki, wani ma da bashi ya cika kuɗin.

Bari mu tuna yadda a ke ciniki a kasuwa. Mai babur ya kan kai shi wurin dillali. Dillali ya san mai kaya, ya san garinsu, sau da yawa ya san mai saye kuma. A yi tayi, a ce albarka, a ƙara, a sallama, a kira shaidu, dillali ya karɓi la'adarsa. In bayan kwana biyu aka tarar babur na sata ne, ko an ɓoye wata babbar illa, akwai wuyan da za a kama. Ba mu ce dukan dillalai masu gaskiya ne ba, amma dillali yana tsoron sunansa ya ɓaci, domin gobe ma a gindin itacen nan zai zauna.

Yanzu fa wata hanya ta buɗe. Mutum ya ɗauki hoton baburinsa da waya, ya rubuta kuɗin da ya ke so, ya sa a WhatsApp ko Facebook, ko a dandalin talla mai suna Jiji, wanda aka buɗe a Ikko a 2014, ya kuma karɓi harkar OLX ta Nijeriya a 2019. Kafin rana ta faɗi wani daga Kontagora ko Yauri ya kira shi. Ba dillali, ba la'ada, kuɗi duka nasa. Wannan riba ce, ba mu kuwa kushe ta ba. Amma ku lura da abin da ya tafi tare da dillali: shaidu sun tafi, kunyar idon mutane ta tafi. Hoto fenti ya ke nunawa, ba ya nuna cikin inji. Kakanninmu sun hana cinikin biri a sama, ga shi yau ya zama cinikin kowa. Saura mutum ɗaya tak wanda ya san gaskiyar kayan, watau mai shi. Aikin da dillali da shaidu su ke yi dā, yanzu duka ya koma kan lamirinsa.

Sai mu saurari mai cewa shiru ya halatta, gama hujjarsa tana da ƙarfi. Zai ce, “Ba don nishaɗi na ke sayarwa ba. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 kome ya yi tsada, ga kuɗin makaranta, ga taki. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya nemi na hannu ya san ba sabo ba ne. Yana da ido, yana da bakanike, shi ya duba. Shi ma da ya zo sai ya yi ta kushe kayana domin ya rage kuɗi, in ya tafi ya yi fariya ya ce ya ci arha. Me ya sa ni kaɗai zan zama wawa?” Lalle akwai gaskiya a cikin wannan. Ko Littafin Misalai, a sura 20, ya ambaci wannan hali na mai saye. Turawan Ingila kuma suna da tsohuwar ƙa'idar ciniki mai cewa nauyin dubawa yana kan mai saye.

Masu hikima sun daɗe suna juya wannan magana. A shekara ta 44 kafin haihuwar Almasihu, wani babban mutumin Roma mai suna Sisero ya kawo misalai biyu. Na fari, wani falke ya ɗauko hatsi daga Iskandariya zuwa tsibirin Rodos lokacin yunwa, ya kuwa san jiragen hatsi da yawa suna bayansa. Zai faɗa wa mutanen gari, ko zai yi shiru ya sayar da tsada? Na biyu, mutum yana sayar da gida wanda ya san katakonsa ya ruɓe, ba wanda ya sani sai shi. Sisero ya yanke cewa dukansu biyu su faɗa, gama wanda ya bar wani cikin duhu da gangan domin ribar kansa, mai ɓoyewa ne, ko da bai buɗe baki ba.

Bayan shekaru fiye da 1,200, wani malamin ekklesiya, Toma na Akwino, wanda ya rasu a 1274, ya sake duban maganar, ya rarrabe ta. Ya ce falken hatsi bai keta adalci ba in ya yi shiru, ko da ya ke in ya faɗa ya fi kirki. Haka kuma mai sayar da doki mai ido ɗaya ba lalle ne ya yi shela ba, tun da ya ke kowa yana gani, in dai ya rage kuɗi gwargwadon illar. Amma in illa ɓoyayya ce, mai jawo wa mai saye hasara ko hatsari, kamar gurgun doki da aka sayar a matsayin mai gudu, dole ne a faɗa. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da irin wannan hukunci a fiƙihunsu: wanda ya tarar da ɓoyayyen aibi wanda ya riga ciniki yana da ikon mayar da kaya.

A ganina rarrabewar nan ita ce mabuɗi. Akwai abin da ya ke na mai sayarwa, akwai abin da ya ke hakkin mai saye. Ba dole ka faɗi dalilin da ya sa ka ke sayarwa ba, ko ƙaramin kuɗin da za ka karɓa in an matsa maka, ko nawa ka saya. Waɗannan sirrinka ne. Yagaggen sirdi da tayar da ta suɗe, ido ya isa. Amma in ka san inji yana shan baƙin mai, ko giya tana zamewa in ya yi zafi, ko gangar jikinsa ta taɓa tsagewa a wuya aka yi walda, ko takardunsa ba su cika ba, wannan sani ba naka kaɗai ba ne. Shi ne ainihin abin da mutumin ya ke biyan kuɗi a kansa.

Mu kuma yi wa kanmu gaskiya: shirun nan da wuya ya tsaya shiru kawai. Wanda ya ƙudura ɓoyewa ya kan zuba baƙin mai mai kauri domin hayaƙi ya ragu, ƙarar inji ta kwanta. Ya kan shafa fenti a kan walda. Ya kan tada babur ya yi zafi kafin mai saye ya iso, domin kada a ga wuyar tashinsa da safe. Ya kan ɗauki hoto ta gefen da ba lotsawa, ya rubuta “lafiya lau, sai hawa.” Bakinsa bai yi ƙarya ba, in ji shi, amma hannunsa ya yi. Annabi Amos, a sura 8, ya tsauta wa 'yan kasuwa masu rage mudu da masu sayar da ƙaiƙayi a cikin alkama. Su ma ba sai sun yi magana ba. Mudun ne ke yi musu ƙaryar. Ku tuna kuma da Hananiya a Ayyukan Manzanni sura 5. Gonar tasa ce, kuɗin ma nasa ne, ba wanda ya tilasta shi ya kawo duka. Laifinsa shi ne ya shirya abin yadda mutane za su gaskata abin da ba haka ya ke ba.

Wa zai ɗauki nauyin abin da aka ɓoye? A ce saurayi ne ya sayar da akuyoyin uwarsa ya saya domin acaba. Bayan mako uku inji ya buga, kuɗin gyara ya fi abin da ya rage masa. Ko a ce waldar nan ta ɓalle a gangare da damina, ga mace mai naƙuda a baya. Mai sayarwa yana gida, bai ji ba, bai gani ba, wataƙila ya canja lambar waya. Nisa ya ɓoye masa fuskar wanda ya cuta, amma bai rage cutar ba. Maƙwabcinka da aka umurce ka ka ƙaunace shi, har da wanda ba ka taɓa ganinsa ba sai muryarsa a waya.

Hasarar ba ta tsaya ga mutum ɗaya ba. A 1970 wani masanin tattalin arziki na Amurka, Joj Akalof, ya yi nazarin kasuwar motoci na hannu. Ya nuna cewa in mai saye ba shi da hanyar rarrabe mai kyau da maras kyau, zai taya kowace mota da rangwame don tsoro. Sai masu mota mai kyau su ƙi sayarwa, kasuwa ta cika da marasa kyau. An ba shi kyautar Nobel a 2001. Ashe kowane mai ɓoye aibi yana rage kuɗin baburin ɗan'uwansa mai gaskiya, yana kuma lalata rijiyar da shi kansa zai sha in ya tashi saye.

Akwai kuma wata fuska ta maganar wadda ta shafe mu a nan fiye da mutanen Ikko. Bayan tambayar me ka ke sayarwa, sai tambayar wa ka ke sayar wa. Ƙaramar hukumarmu ta Danko-Wasagu tana iyaka da Jihar Zamfara, duk mun san kuwa a kan babura 'yan bindiga su kan zo. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Zamfara ta taƙaita hawan babura, ta hana sayar da mai a jarka, domin ta datse musu hanya. A watan Maris na 2022 aka kashe 'yan sa kai fiye da 60 a masarautar Zuru. A watan Nuwamba na 2025 aka shiga makarantar 'yammata ta Maga da dare aka kwashe ɗalibai. A ƙasa irin wannan, in baƙo ya kira ka, bai yi tayi ba, bai tambayi takarda ba, ya ƙi faɗin garinsu, ya ce ku haɗu a bakin daji ya ba ka kuɗi hannu, za ka ce ba ruwanka? Ba ka iya ganin zuciyar mutum, ba kuwa daidai ba ne ka zargi wani saboda ƙabilarsa ko harshensa. Mutanen kirki da yawa baƙi ne. Amma wanda ya rufe idonsa da gangan domin kuɗi sun yi daɗi, ba zai iya cewa bai sani ba.

To, me za mu yi? Mu mayar da abin da waya ta ɗauke. Ka rubuta a tallanka shekarar da ka saya, aikin da ya yi, gyaran da aka yi masa, da aibin da ka sani. Ka bar mai saye ya zo da bakanikensa, ya tada shi da sanyi, ya hau. Ku haɗu da rana a cikin mutane. Ka nuna rasit, ku duba lambar inji tare. A rubuta takardar ciniki da sunayenku, a sa shaidu biyu, in da hali a gaban mai unguwa. Ka ga katin shaidarsa. Kada ka saki makulli don saƙon da ya nuna maka a wayarsa, sai ka tabbata kuɗi sun shiga asusunka, gama mayaudara suna cikin masu saye kuma. Gaskiya ba ta hana wayo na tsare kai.

Ba zan ruɗe ku ba, 'yan'uwa, hanyan nan tana da tsada. Wanda ya faɗi aibi zai karɓi kuɗi ƙasa da na wanda ya ɓoye, wani mai saye ma zai juya ya tafi. Wataƙila taki ba zai cika ba a wannan shekara. Ba na yi muku alkawari cewa za a biya ku da riba nan da girbi. Abin da na ke cewa shi ne, kuɗin da su ka ragu ba naku ba ne tun farko. Farashin babur mai lafiya ne, ku kuwa mai ciwo ke hannunku. Abin da ya hau bisa, daga aljihun wani ya fito ba da saninsa ba, sunan wannan kuwa mun san shi tun muna yara.

Ga ma'auni mai sauƙi. Kafin ka danna tallanka, ka karanta shi kamar kai ne saurayin da ya sayar da akuyoyin uwarsa. In akwai abin da za ka so a gaya maka, ka koma ka rubuta shi. Ubangiji ya ba mu zuciya mai yin ciniki a ɓoye kamar yadda za mu yi shi a tsakiyar kasuwa. Amin.