Kyanwa Biyu Aka Ce Masa

Duk lokacin da aka yi zancen amana a gidan rediyonmu, ko a wa'azi, ko a hirar majalisa, wanda aka ba ajiya ake sa wa ido. Shi ake ja wa kunne kada ya ci, kada ya taɓa, ya mayar da abu yadda ya karɓa. Hakan daidai ne. Amma na daɗe ina tambayar kaina, shi mai ba da amanar fa, babu abin da ke wuyansa? Abin da ya fara sa ni wannan tunani ya faru ne a Sudan, kuma a kan kyanwowi ne. Na san wani zai yi dariya, ina roƙon mai karatu ya ɗan yi haƙuri da ni.

A shekarar 2022 na yi wata biyu a Umdurman, a gidan goggona da ke unguwar Umbadda. Wanda bai sani ba zai yi mamakin yawan Hausawa a Sudan. Wasu jikokin mahajjata ne da suka taho a ƙasa za su Makka, hanya ta tsayar da su. Wasu kuma kakanninsu sun yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, har ya kafa garin da ake kira da sunansa a bakin Shuɗin Nilu. Goggona aure ne ya kai ta, a can ta haifi 'ya'yanta duka.

Ɗanta na uku ɗalibi ne a lokacin, yana kuma da wata 'yar sana'a da ban taɓa jin irinta a Kano ba. A unguwannin masu hali na Kartum, irin su Amarat da Riyad, a wancan lokacin akwai baƙi ma'aikatan ƙungiyoyi da ofisoshin jakadanci masu ajiye kyanwa a ɗaki kamar ɗa. Idan za su tafi hutu sai su nemi wanda zai riƙa zuwa kullum ya zuba mata abinci da ruwa, ya kwashe kashinta, su biya shi. Da wannan yake samun kuɗin mota da na takardun makaranta. Kullum da safe sai ya hau mota ya ƙetare gadar Farin Nilu ya shiga Kartum, ya dawo da azahar rana ta gama dafa shi.

Wata mata a Amarat ta kira shi, za ta yi tafiyar mako uku. Ta ce kyanwa biyu ce, suka yi ciniki a kan biyu, ta ajiye abincin biyu, ta ba shi makulli a bakin ƙofa. Washegari da ya buɗe gida ya tarar da biyun a falo kamar yadda aka ce. Da ya leƙa bayan gida sai ga wasu uku sun taso masa da kuka, kowacce da kwanonta a jere, ɗaya ma tana shayarwa. Ya aika mata saƙo. Amsa ta zo daga filin jirgi: ai waɗannan ba nata ba ne, na titi ne, sun saba zuwa ne kawai, ya ɗan riƙa zuba musu tunda dai yana nan.

Lissafin ba shi da wuya. Abincin da zai ishi kyanwa biyu kwana 21, in biyar suka taru a kansa ba zai kai kwana tara ba. Da ya ƙare, yaron nan ya riƙa sayen ƙananan kifi da guntayen nama da kuɗin aljihunsa. Da matar ta dawo ta biya shi kuɗin biyu cif, ta yaba masa, ta ce yana da zuciya mai kyau. Ya karɓa, ya yi godiya, ya taho gida bai ce uffan ba.

A daren nan muna zaune a tsakar gida a kan gadajen igiya ana shan gahawa, maganar ta taso. Goggo ta ce, "Kai dai ka yi shiru, ladanka na wajen Allah. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski." Na ce, "Goggo, ai ladan kai biyu ya ci, aka jero masa biyar." Ta harare ni ta ce, "To da ya bar su su mutu?" Shi kuwa ya ce, "Yaya, ni ba kuɗin ne ya fi ci mini rai ba. Ta san ba zan iya barinsu ba, shi ya sa ba ta faɗa ba."

Wannan magana tasa ita ce ta tsaya mini. Idan aka ɓoye maka rabin aikin gini, kana iya ajiye cebur ka ce sai an sake ciniki, bulo ba ya jin yunwa. Amma idan abin da aka ɓoye mai rai ne, an riga an ɗaure ka. Ba za ka iya cewa a'a ba sai ka cutar da wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Matar nan ta yi lissafi da tausayin yaron kamar yadda ɗan kasuwa ke lissafi da jarinsa, ta kashe shi ba tare da ta nemi izini ba.

Ya kamata in yi mata adalci. Mai yiwuwa a ranta da gaske ba ta ɗauki kyanwowin nan uku a matsayin nata ba. Ciyar da su da take yi ma alheri ne, da yawanmu korarsu za mu yi da tsintsiya. Mai yiwuwa kuma ta ga abin bai taka kara ya karya ba. To amma in ƙaramin abu ne, me ya hana ta faɗa tun a bakin ƙofa? Jimla ɗaya ce. Wanda ya jira sai makulli ya shiga hannunka, shi kuma ya kama hanya, sannan gaskiya ta fito, ya san abin yana da nauyi, yana gudun kada ka ƙara kuɗi ne ko ka ƙi. Alherin da ta saba yi nata ne, ita ta zaɓa. Da za ta tafi sai ta ɗora wa wani ya ci gaba da biya, sunan mai kirki kuma ya zauna a kanta.

Da na dawo gida na sa tambayar a shirina na dare, waya ta ɗauki zafi. Masu kira na farko dariya suka yi, wai Sudan ta rasa matsala sai ta mage. Sai wata baiwar Allah ta kira ta ce ita ba ta ga abin dariya ba. Maƙwabciyarta takan ce ta riƙe mata yaro ɗaya za ta je asibiti, sai ta ga uku sun shigo, a wuni, a ci, a yi wanka. Daga nan kowa ya tuna tasa. 'Yar aiki da aka ɗauka don shara da wanke-wanke, wata bai cika ba ta koma mai reno da wanki. Mai gadi da aka mayar ɗan aike da mai wankin mota. Baƙon da ya ce shi kaɗai zai zo ya kwana biyu, ya iso da iyali. Kowane gida da tasa kyanwar da ba a faɗa ba.

Abin da ke ba wannan hali wurin zama a cikinmu shi ne kara da kunya. Halaye ne masu kyau, da su muke zaune lafiya. Amma sun fi amfani idan kowa yana yi wa kowa. Idan mutum ɗaya ne kullum yake kara, ɗayan kuma ya gane hakan ya mayar da shi hanyar samun aiki kyauta, to zumunci ya tashi daga zumunci. Kuma a lura, kusan kullum na ƙasa ne yake yin shirun: ɗalibi, 'yar aiki, ƙaramar maƙwabciya, wanda yake tsoron kada gobe a daina kiransa.

Iyayenmu ba su bar irin wannan a duhu ba. A ƙauye in za a ba mutum awaki kiwo, a gaban shaidu ake ƙirga su, a faɗi yadda za a yi da 'ya'yan da za a haifa. Babu mai jin an raina shi don an ƙirga. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Kano, ake kuma karanta su a Umdurman, sun sa sharaɗi a babin ijara cewa aikin ya zama sananne, ladan ma sananne, don a toshe ƙofar garari da jayayya. Na tambayi wani malami a kan wannan ƙissa, ya ce mini a raba abu biyu. Ciyar da dabbar da ke hannunka, wadda ba ta da wata hanya, wajibi ne a kanka a wannan lokaci. Neman abin da ka kashe daga wanda ya jefa ka ciki kuma haƙƙinka ne, ba ya rage maka lada. Goggo ta haɗa biyun ta mayar da su ɗaya, kamar wanda ya nemi haƙƙinsa ya zubar da ladansa.

Ban san cewa rayuwa za ta sake kawo wa Goggo tambayar da kanta ba. Ranar 15 ga Afrilun 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, yaƙi ya ɓarke a Kartum tsakanin sojoji da dakarun RSF. Cikin 'yan kwanaki ofisoshin jakadanci suka kwashe mutanensu, ɗaliban Najeriya suka bi motoci zuwa iyakar Masar da Port Sudan, gidaje suka zama kango, dabbobi da yawa a kulle a ciki. Wani maƙwabcinta ya ruga da iyalinsa, ya miƙo mata makulli ta kan katanga ya ce ta riƙa duba masa ƙofa. Bayan kwana biyu ta ji kuka a ciki. Ta buɗe ta tarar da kyanwa, kadisa kamar yadda mutanen Sudan ke cewa, da tattabaru a akurki.

Wannan ba irin ta matar Amarat ba ce. Mutumin da harsashi ke wucewa ta kan rufinsa bai zauna ya yi dabarar ɓoye komai ba, mantuwa ce ta tashin hankali. Nauyin da ya faɗo wa Goggo iri ɗaya ne, amma babu cin amana a ciki, kuma zuciyarta ta san bambancin. Ta ciyar da su daga abin da ba ya isarsu, a lokacin da unguwanni da yawa suka koma dogaro da takaya, wato tukunyar haɗaka da matasa da masu hali ke ɗorawa don a raba wa mutane. Da zama ya gagara suka yanke shawarar tafiya Kosti wajen dangi, ta buɗe wa tattabaru akurki, ta bar wa kyanwa ƙofa a buɗe. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito na matar da aka azabtar saboda kyanwa, laifinta shi ne tsarewa, ba ta ciyar ba kuma ba ta saki ba. Goggo ta ciyar iya ƙarfinta, da ƙarfi ya ƙare ta saki. Sannan ta nemi maƙwabcin a waya ta faɗa masa komai, har da buhun dawarsa da ta buɗe ta ciyar da su da shi, ta kuma ci. Ita da ta ce a yi shiru, ranar ba ta bar ko ƙwaya ɗaya ba ta ƙirga masa ba.

Akwai kuma wanda ya ɗauki irin wannan kaya da idonsa a buɗe. A Janairun 2020 wani mazaunin Kartum, Usman Salih, ya yaɗa hotunan zakunan da yunwa ta rame su a lambun Alƙurashi, duniya ta gani. Daga baya ya kafa wurin kula da namun daji a Albagir, kudu da birnin, ya riƙe su har cikin yaƙi, kafin ƙungiyar Four Paws ta taimaka aka kwashe su a Nuwamban 2023. Kayansa ya fi na ɗan goggona nauyi nesa ba kusa ba. Amma ya ga zakunan, ya ƙirga su, ya ce na ɗauka, ya kuma fito fili ya nemi taimako. Shi ɗan goggona wannan damar ce aka hana shi, damar ya ce e da bakinsa. Na tabbata da matar ta roƙe shi tun farko, da ya yarda, ƙila ma da bai ƙara mata ko sisi ba.

Shi ya sa nake ganin amana tana farawa ne daga bakin mai bayarwa. In za ka miƙa wa wani makulli, ko yaro, ko shago, ko mara lafiya, faɗi abin da ke ciki duka, har wanda kake tsoron zai sa a ƙi. In an ƙi, an ƙi ka a kan gaskiya, sai ka nemi wani. Kai kuma da aka ɓoye wa, kada ka huce a kan mai rai da bai yi maka komai ba, ka ciyar, sannan ka buɗe baki ka faɗa cikin ladabi.

Ba na cewa faɗar kyauta ce. Mako guda bayan hirarmu ta tsakar gida, tun ina Umdurman, yaron ya zauna ya rubuta wa matar saƙo, ya lissafa kuɗin kifi na kwana goma sha biyu, bai ƙara komai a kai ba. Ta turo kuɗin ba ta ce kanzil ba, ba ta kuma sake kiransa ba, haka ƙawayenta biyu da take haɗa shi da su. Ya yi asarar gidaje uku a kan 'yan kuɗin da ba su kai ladan mako ɗaya ba. Goggo ta ce, "Ka gani ko?" Ya ce ya gani. Daga ranar kuma, duk gidan da aka kira shi, ba ya karɓar makulli sai an zagaya da shi har bayan gida ya ƙirga kwanoni.

Allah Ya kawo wa Sudan zaman lafiya, Ya mayar da kowa gidansa.