Wa Ya Naɗa Jarumi Alƙali?

Kwanakin baya muna gyaran ɗakin marigayi kawunmu a Bungudu sai muka ci karo da akwatin ƙarfe maƙil da tsofaffin mujallun jarumai, gara ta ci gefensu. Akwai Lance Spearman na mujallar African Film, wanda samari ke kira Spear, da ya yi tashe daga wajen 1968 zuwa farkon shekarun 1970. Akwai kuma Powerman na 1975, wanda Turawan Ingila, Dave Gibbons da Brian Bolland, suka zana musamman domin 'yan Nijeriya: baƙar fata, mai ƙarfin tsiya, yana tashi sama, ba abin da ke kayar da shi sai saran maciji.

A hannun kawun muka fara ganinsu muna yara, tun ba mu iya Turanci ba. Mun sake karanta su yanzu, kuma gaskiya har gobe suna da daɗi. Labarin ba ya jan ƙafa, abin da da yawa daga cikinmu marubuta muka kasa koya. Amma wata tambaya ta tsaya mana a rai, wadda ba ta taɓa zo mana ba a da: yaya aka yi jarumin nan ya san mai laifi?

Duba da kyau, ya mai karatu. A waɗannan shafuka mugu da tambarinsa yake zuwa. Fuskarsa da dariyarsa sun gama ba da shaida. Jarumi ya gan shi, ya yanke hukunci, ya zartar da hannunsa, ba ya kuwa kuskure, domin mai zanen ya riga ya tsara masa gaskiya. Ba Turawa kaɗai ke da wannan ba. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ma haka yake.

Mu a Zamfara mun ga wannan labari a fili. Tun wajen 2011 da satar shanu da garkuwa da mutane suka addabi ƙauyukan Tsafe da Bungudu, matasa suka ɗauki makami da sunan sa kai. Ba za mu yi musu ba'a ba. Wanda aka ƙone masa rumbu da dare, ya yi ta ihu ba wanda ya zo, dole ya yi marmarin Powerman. Sai dai a kasuwar ƙauye ba mai zanen da zai nuna maka mugu. Sau da yawa kama da harshe aka duba, aka kashe Bafulatanin da bai ji ba bai gani ba, 'yan uwansa suka shiga daji neman fansa. Ƙarfin ya samu, sanin ne bai samu ba.

Mun kai mujallun aji a nan Gusau, muna zaton ɗalibai, da suka saba da finafinan Marvel a waya, za su raina su. Ina! Har kokawa suka yi a kansu. Wani yaro ɗan gudun hijira daga Tsafe ya daɗe yana kallon shafi guda, inda Powerman ya damƙe ɓarawo a wuya. Da aka tashi ya biyo mu yana tambayar fitowa ta gaba. Mun koma akwatin mun duba, gara ta cinye ta.