TANADIN RANAR RABUWA: MUGUN FATA NE KO HIKIMA?



Akwai tambayar da ke damun ma'aurata da yawa. Idan miji da mata suka rubuta abin da kowannensu ya mallaka, da bashin da ke tsakaninsu, saboda ranar saki ko mutuwa, sun yi wa aurensu mugun fata ke nan? Tawakkalinsu ya raunana?

Amsar tana nan a gonakin Kura da Bunkure. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar ruwa ta Tiga, aka gama ta a 1974, don a tare ruwan damina a sake shi da rani. Da shi ake noman alkama da shinkafa da tumatir da albasa a Kadawa da kewaye. Ba a taɓa jin malamin da ya kira wannan rashin dogara ga Allah ba. Annabi Yusufu ma, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ba da shawarar a ajiye hatsin shekaru bakwai na yalwa saboda bakwai na tsanani.

To, ga abin da yakan faru. Lokacin shuka ya zo, kuɗin taki da na ƙwadago sun gagara. Sai maigida ya juya ga uwargida, wadda ta tara ɗan abinta ta wajen turara shinkafa, ko adashi, ko kiwon awaki. Ta ba shi, ba shaida, ba takarda, saboda kunya. In an samu, shi ke nan. In kuwa tumatir ya yi kwantai a Kwanar Gafan, ko tsutsa ta cinye shi kamar yadda ta yi a 2016, sai rai ya ɓaci, magana ta yi tsami, saki ya biyo baya. A gaban alƙali ta ce rance ta ba shi, shi kuwa ya musa. Mai da'awa ake tambaya shaidu, ita kuwa ba ta da su. Sai ta koma gidan iyayenta da goyo, jarinta ya salwanta.

Alhali kuwa shari'a ba ta bar wannan a duhu ba. Sadakin mace da abin da ta nema da guminta nata ne ita kaɗai. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, watau ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, ba ta kuwa ware ma'aurata ba. A mazhabar Malikiyya, wadda aka yi wa sakin kome tana da ci da wurin zama har ta gama idda, mai ciki kuwa har ta haihu. Riƙon yara na uwa ne muddin ba ta sake aure ba, ciyar da su kuwa na uba ne. An kuma so miji ya yi mata kyautar sallama, watau mut'a, gwargwadon ƙarfinsa. In mutuwa ce ta raba, sai an biya bashi tukuna a raba gado, sa'an nan ta karɓi tumuni ko rubu'i. Bashin da ba wanda ya sani kuwa, magada za su cinye shi, nauyin ya zauna a wuyan mamaci.

Wani zai ce takarda tana sanyaya ƙauna. Amma fa zargi da musu sun fi sanyaya ta, su kuwa inda ba shaida suke tsirowa. Mijin da ya yi niyyar biya, me takarda za ta rage masa?

Tun 2012 gwamnatin Kano, ta hannun Hukumar Hisba, ta sha aurar da zawarawa da kayan ɗaki da ɗan jari. Alheri ne, amma magani ne bayan ciwo ya kama. Abin da ya fi shi ne, ranar da aka auna amfanin gona, maigida ya fara fitar da zakka in ta kai nisabi, sa'an nan bashin iyalinsa da buhunan 'ya'yansa, kafin ya yi zancen ƙarin aure. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Allah Ya zaunar da gidajen Musulmi lafiya, amin.