Kafin A Fasa Rumbu

 

'Yar uwa, kin san yadda abin yake a ƙauyukanmu na Dambatta, Makoda da Kunchi. Naƙuda ta yi gardama, babu ko sisi a gida, sai a fasa rumbu a sayar da geron cin damina, ko a ja akuya kasuwa. Wata kafin a haɗa kuɗin, rai ya yi halinsa. Sai mu ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma addini ya umarce mu da neman magani, kuma shugabanni za a tambaye su amanar talakawa.

Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kula da lafiya a matakin farko. A 2022 aka wajabta inshorar lafiya, har da tanadi ga marasa ƙarfi. A Kano, hukumar KSCHMA ke kula da shirin. To, mai suyar awara ta ji labari?

Gobe ki ja maƙwabciyarki mai ciki ku je asibitin mazaɓarku, ku tambayi yadda ake rajista. In an ce babu, ku haɗu ku tambayi kansila dalili.